Yadda Renae Ta Koyi Tsayawa Wuri Ɗaya

A garinmu Halvor, idan kana so ka ɓata wa mace suna ba sai ka ce ta yi sata ba. Ka ce kawai an gan ta tsaye ta rungume hannu ana aiki. Shi ke nan, har jikokinta sai sun ji labarin. Ko ranar jana'iza, da an sauko ɗakin ƙasan coci cin abinci, matar mamacin sai an danne ta a kujera, in ba haka ba za ka tsince ta bakin famfo tana wanke kofunan waɗanda suka zo yi mata ta'aziyya. Haka muka taso muka tarar, kuma ban taɓa jin wadda ta tambayi dalili ba.

Shugabar wannan ɗabi'a, wadda ba wanda ya naɗa ta, ita ce Ardis Bakkegard, uwar ƙawata Renae. Ardis ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya. Idan ta ga yarinya ta jingina da bango, sai ta miƙo mata tsumma ta wuce, ko kallonta ba ta yi. Renae ta tashi a hannun wannan mata, saboda haka tun muna firamare, ni Darcy da ita, ban taɓa ganin ta zauna har kujera ta yi ɗumi ba. Fensirin wani ya faɗi a ƙarshen aji, kafin mai shi ya sunkuya Renae ta miƙo masa. Malama ta yi atishawa, Renae ta tashi rufe taga. Ni kuwa Allah ya yi ni da son zama, shi ya sa muka dace: tana aikin, ina ba ta labari.

Tare muka yi makarantar jinya, tare muka dawo asibitin garinmu, wanda in ka tsaya a ƙofar gaba kana hango ta baya. Ni na zaɓi ɗakin tiyata, ita ta zauna wajen marasa lafiyar da aka kwantar. Ta auri Curt mai gonar alkama, mutumin da ke iya wuni bai haɗa jimla uku ba, ta haifi 'ya'ya biyu a wannan asibiti, na biyun ma sai da aka yi mata aiki aka ciro shi. Shekara ashirin da wani abu tana zirga-zirga a barandar nan. Marasa lafiya na sonta kamar me, domin kafin ka gama danna ƙararrawa ta iso, ta gyara maka matashi, ta cika maka kofi, ta kuma ɗauke tiren maƙwabcinka a kan hanyarta ta fita.

Mai sa barci ɗaya muke da shi a duk yankin, Orlin Fettig. Shi ma nas ne, ya yi kwas ɗinsa tun zamanin da ba a neman dogon karatu, kuma rabin mutanen Halvor sun taɓa barci a hannunsa. Dogo ne, marar fara'a, mai gashin gira kamar tsintsiya. Wata safiya muna shan kofi ya ce, kamar mai ba da labarin yanayi, gwiwoyinsa sun gaji, shekara biyar zai ƙara ya ajiye aiki ya tafi kamun kifi.

Kowa ya san abin da maganar ke nufi. In babu mai sa barci babu tiyata, in babu tiyata ba za a bar ɗakin haihuwa a buɗe ba, tunda ba a karɓar haihuwa inda ba za a iya ciro jariri ba in abu ya rikice. Mai naƙuda sai ta shiga mota ta kama hanyar birni, tafiyar da ko da rani doguwa ce, balle lokacin da dusar ƙanƙara ta shafe titi. An yi cigiyar wanda zai gaje shi. Mutum biyu suka zo, suka dubi garin, suka dubi sararin da ba tudu ba bishiya, suka ce za su kira mu.

Renae ta same ni ina jera kayan aiki, ta ce, "Ni zan je in yi karatun."

Na ce, "Wane karatun?"

"Na Orlin."

"Ke kin san yanzu ba irin na Orlin ba ne? Digirin digirgir ake yi, shekara uku cur, ba a ma yarda ka haɗa da wani aiki ba. Kafin su dube ki ma sai kin yi aiki a sashen masu rai a hannun Allah, wanda mu ba mu da shi. Shekarunki nawa, Renae?"

"Daidai da naki."

"Shi ya sa na tambaya. Ni tabarau biyu nake yawo da su."

Ta karɓi tiren da ke hannuna ta ci gaba da jera mini kayan, tana cewa, "To wa zai je? Ke?"

Curt da aka gaya masa sai kawai ya ce motar tana buƙatar sabbin tayoyi in za a riƙa doguwar tafiya da ita. A bakin Curt wannan waƙar soyayya ce. Ardis kuwa cewa ta yi, "Dakta? To wa zai riƙa yin lefse na cin abincin coci?" Tana nufin wainar dankalin nan siririya da Renae ta fi kowa iya murzawa. Amma daga ranar duk wanda ya shigo kantin gari sai Ardis ta san yadda ta yi ta sako maganar.

Haka Renae ta yi kusan shekara biyu tana kai da komowa birni, tana aiki a babban asibiti wajen waɗanda na'ura ke numfasa musu. Daga nan makarantar ta ɗauke ta. Ta kama ɗan ɗaki a can, ta shiga aji da yaran da wasu ta girmi iyayensu mata. Shekarar farko ta littafi ce zalla: yadda magani ke yawo a jini, yadda huhu ke karɓar iska, lissafin da ni ko sunansa ba na son ji. Mun ɗauka nan za ta sha wuya. Ina! Matar da ta saba tashi kafin zakara ta cinye littattafan nan kamar tana tsince wake. Yaran ajin suka maida ɗakinta wurin karatu, tana yi musu bita tana ɗura musu dankali da nama. Ta dawo hutu har da ƙiba.

Matsalar ta fara ne ranar da aka shigar da su ɗakin tiyata.

Aikin mai sa barci, in ka cire ilimin, tsayuwa ce. Wurinka kan marar lafiya, bayan labulen da ya raba ka da masu fiɗa. Ka ba shi maganin da ya ɗauke masa hankali, ka ba shi wanda ya saki duk tsokar jikinsa har numfashi ba ya iya yi da kansa, daga nan ransa yana hannunka har sai ka tashe shi. Idonka a kansa da kan na'ura, kunnenka a kan ƙarar bugun zuciyarsa. Ko rufin ɗakin ne ya rufto, ba ka matsawa sai wani mai irin aikinka ya karɓe ka. Yawancin lokaci babu abin da ke faruwa, kuma wanda ya leƙo zai rantse zaman banza kake yi.

To ka ɗauko 'yar Ardis Bakkegard ka ce ta yi wannan.

Malamarsu ta aikin hannu wata ce Dakta Pruitt, 'yar ƙaramar mace mai sanyin murya wadda ɗalibai ke tsoro fiye da likitocin fiɗa. A makon farko, likita ya shigo ya miƙa hannu a ɗaura masa igiyar rigarsa ta baya, nas ɗin da ke da alhakin hakan tana can tana buɗe kaya. Renae ba ta ma san ta taka ba. Ta tsinci kanta a bayan likita tana ɗaure igiya, marar lafiya kwance can shi kaɗai da na'ura.

Dakta Pruitt ta bari aka gama, ta kira ta gefe ta ce, "Wa kika bar wa mutuminki ɗazu?"

"Taku huɗu ne fa, Dakta."

"Ban tambaye ki nisa ba. Na ce wa kika bar wa shi?"

Renae ta ba da haƙuri, ta yi alkawari, kuma har ga Allah da gaske take. Ta yi watanni tana dafe da gefen gado kamar wadda ke cikin kwalekwale. Sai wata rana wata ɗaliba nas, sabuwa fil, ta kifar da tiren kayan aiki a ƙasa, likita ya fara yi mata wankin babban bargo, yarinya ta tsaya tana rawar jiki. Kafin ka ce kwabo Renae na durƙushe tana tsince almakasai tana cewa, "Ba komai, 'yata, kowa ya taɓa yi." A daidai lokacin jinin marar lafiyar ya ɗan sauka. Ba wani abin tashin hankali ba ne, Dakta Pruitt na tsaye ta gyara shi nan take. Amma Renae ba ta gani ba, tana ƙarƙashin tebur.

Wannan karon a ofis aka yi maganar. Dakta Pruitt ta ce mata kanta yana ja, hannunta yana da kyau, marasa lafiya na sakin jiki da ita. Ta ce, "Amma ke nas ce ta kowa da kowa, mu kuma nas ta mutum ɗaya muke horarwa. In kika sake barin kan gado, ko a ina ne, ko saboda wa, karatunki ya ƙare. Ba don na ƙi ki ba."

Ta dawo gida ƙarshen makon nan ta zauna a kicin ɗina. Na ce ta zauna, amma ƙarya nake, tana ba ni labarin tana goge mini murhu.

Ta ce, "Ni ba na jin lokacin da nake tafiya, Darcy. Ƙafar ce ke tafiya, sai daga baya in samu labari."

Na ce, "Ajiye tsumman nan."

"Dattin ya kusa fita."

"Kin ga irinta ko? Murhuna ne, dattina ne, ina son abina. Ajiye."

Ta ajiye. Na tashi da gangan na tuntsurar da kwanon wake a ƙasa, na ce ta tsaya nan ta kalle ni in tsince. Wallahi kamar na ɗora ta a kan garwashi. Yatsunta na motsi, leɓenta na motsi, ni kuwa ina tsince wake ɗaya-ɗaya ina waƙa. Ban taɓa jin daɗin aikin gida kamar na ranar ba.

Daga nan muka maida abin horo. Duk zuwanta gida sai mun yi. Babbar jarrabawar ita ce ranar jana'izar wani dattijon cocinmu, inda na sa ta tsaya kusa da tukunyar kofi a ɗakin ƙasa, hannu a aljihu, mata na ta kai da kawowa da faranti. Ba a jima ba Ardis ta biyo ta gabanta ta miƙo tsumma. Renae ba ta karɓa ba. Tsumman ya tsaya a iska tsakanin uwa da 'ya.

Ardis ta ce, "Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau, Mama. Karatu nake."

"Wannan ne karatun?"

"Shi ne mai wuyar."

Ardis ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "To Allah ya ba da sa'a. Da na san abin da ake koyarwa ke nan, da na tura babanki tun yana raye, da ya fito na ɗaya." Ta juya ta miƙa mini tsumman. Ni na wanke kofunan ranar, kuma har yau ban yafe ba.

Da haka aka gangara shekara ta uku. Ɗaliban kan zagaya asibitoci daban-daban, manya da ƙanana, don su ga aiki iri-iri, kuma aka yi dace makarantar ta yarda Renae ta yi zangonta na ƙauye a Halvor, ƙarƙashin Orlin. Gari ya ɗauka. Mutane suka fara tuno ciwace-ciwacen da suka daɗe suna ɓoyewa. Ni na fi kowa murna, ga ni ga ƙawata a ɗaki ɗaya, kuma na ɗauka a gida ai an gama, wa zai kai ƙarar wa?

Orlin ya kashe mini wannan tunani tun ranar farko. A gabana ya ce mata, "Pruitt ta kira ni, ta gaya mini komai. Ki sani, yarinya, ni na fi kowa son ki gama, don kifin nan ba zai jira ni har abada ba. Amma in kika taka, da bakina zan gaya mata. Gara a rufe ɗakin haihuwa da in bar garin nan a hannun wadda ke yawo."

Renae ta ce, "Na ji."

"Ji ba wuya. Mu gani."

Makonni suka wuce lafiya. Ta sa yara barci aka cire musu 'yan wuya, ta yi wa masu naƙuda allurar baya, ta tsaya ƙyam kamar an dasa ta. Har na fara tsokanarta, ina yar da abu da gangan ina kallonta ta wutsiyar ido. Takan ce ta bayan takunkumi, "Tsince abinki, malalaciya."

Ranar da abin ya faru, Delmar Okerlund aka kawo za a cire masa matsarmama. Delmar manomi ne, ƙato, mai gajeren wuya da gemu kamar buhun ulu, irin mutanen da masu sa barci ba sa so, don sa musu bututun numfashi aiki ne. Yana kwance yana yi wa Renae tsiya, wai ya san ta tun tana satar masa tuffa, yanzu ga shi za ta rama. Ta ce masa, "Ja numfashi, Delmar, ka tuna da gonarka." Ya ce gonar ce ta sa masa ciwon. Bai ƙarasa dariyar ba barci ya ɗauke shi.

Ta ba shi maganin sakin jiki. Ƙirjinsa ya daina ɗagawa da kansa. Ta kifa masa abin shaƙar iska a fuska, hannu ɗaya ta tallabe haɓarsa, ɗaya tana matsa jakar iska, gemun nan na ta sa iska zurarewa. Likitan fiɗa yana waje yana wanke hannu. Mai miƙa kayan aiki ta riga ta sa safar hannu, ba ta da damar taɓa komai. Orlin na tsaye bayan Renae ya harɗe hannu. Ni ce a gefen gado, aikina in miƙa mata abin da ta nema.

Ta ce, "Darcy, ƙaro mini matashi a ƙarƙashin kafaɗarsa."

Na juya da sauri, ƙafata ta sarƙe da wayar wata na'ura. Ban san yadda aka yi ba, na dai ji goshina ya daki ƙarfen tebur, na kai hannu in tare ƙasa, na ji wuyan hannun ya yi ƙara irin ta busasshen kara. Da na buɗe ido jini ya rufe mini ɗaya, ɗayan kuma yana kallon takalman Renae, don a gindin ƙafarta na faɗi. Da ta sunkuya kaɗan ta miƙo hannu, ta taɓa ni.

Na ga dugaduganta na dama ya ɗaga daga ƙasa. Da idona na gani. Ya tsaya a sama kamar na mai shirin tsallake rami, sannan a hankali ya koma inda yake.

Muryarta ta zo daga sama, ko rawa ba ta yi. "Darcy, yi magana in ji ki."

Abin da ya fito daga bakina ba zan rubuta shi ba. Na haɗa da ita, da wayar, da wanda ya ƙera teburin.

Ta ce, "Orlin, tunda tana zagi tana numfashi. Duba min ita, ina da Delmar."

Orlin ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa masu ƙara, ya danne mini goshi da auduga, ya ƙwala wa nas ɗin waje kira. Ina kwance ina jin jakar iskar nan tana tafiya a hannunta, ba sauri ba jinkiri. Na ji ta ce a hankali, "Zan sa bututu." Orlin ya ɗago kai daga inda yake, ya ce, "Sa." Sai na'ura ta canza sauti, ta ce, "Ya shiga." Aka ɗora ni a keken marasa lafiya aka fita da ni, har na bar ɗakin ba ta juyo ta dube ni ba. Bayan kanta kawai na gani da hular takarda.

Zan faɗi gaskiya, abin ya yi mini ciwo fiye da karayar. Na san dokar, ni na tuntsurar da wake, ni na wanke kofuna. Amma sanin abu daban, kwanciya a ƙasa cikin jini kana kallon takalmin ƙawarka ta shekara arba'in daban. Matar da ke tashi don fensirin wani ba ta sunkuya don ni ba. Ina ɗakin ɗinki ana ɗinke mini goshi ina hawaye, ana ɗauka zafi ne.

Da aka gama da Delmar, ya farka yana tambayar abinci, sai ga ta ta shigo da gudu ko hula ba ta cire ba. Na juya fuska bango.

Ta ce, "Darcy."

Na ce, "Dakta an fito?"

Ta tsaya a bakin gadon, ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Ta gyara mini bargo, ta cika kofin da yake cike, ta sake gyara bargon. Can ta ce, "Na ji ƙarar ƙashin. Ina matsa jakar ina jin ta a kunnena." Sai ta fashe da kuka, irin wanda ban gani ba ko ranar da aka binne babanta.

Orlin ya leƙo, ya dube mu mu biyu, ya ce, "Na kira Pruitt."

Renae ta ɗago a firgice.

"Na ce mata ta daina damuna da waya, yarinyar ta iya." Ya dube ni ya ƙara da cewa, "Ke kuma ki riƙa duba gabanki." Ya fita.

Ban huce a ranar ba, ban huce washegari ba. Ta kawo mini abinci gida, ta wanke bandaki, ta canza wa kyanwata yashin da take bahaya a ciki, ina zaune ina amsa mata da e da a'a. Ardis ma ta zo da nata kwanon, ta zauna, abin da ban taɓa ganin ta yi a gidan kowa ba. Ta ce, "An ce ta bar ki a ƙasa." Na ce haka ne. Ta jinjina kai ta ce, "Ni da ba zan iya ba." Na kasa gane ko suka ce ko yabo, kuma ina jin ita ma ba ta gane ba.

Hoton ƙashi ya nuna karayar ba ta ɗauri ba ce, sai an buɗe an sa ƙarfe. Likitan ƙashi kan zo mana daga birni lokaci-lokaci, aka sa ni a layinsa na mako mai zuwa. Ni kuwa, duk shekarun da na yi a ɗakin tiyata, ba a taɓa sa ni barci ba, kuma ina tsoron abin kamar mutuwa. Wanda ya san abin da ake yi a bayan labule ya fi kowa tsoro. Na san akwai lokacin da ba zan iya numfashi da kaina ba, na san ƙofar ɗakin nan ba ta daina buɗewa, waya ba ta daina ƙara, kullum akwai mai neman a taimaka masa da wani abu.

Da safen ranar Orlin ya zo ya same ni da rigar marasa lafiya mai buɗaɗɗen baya, ya ce, "Ni zan yi miki. Na ce wa Renae ta huta, tunda ba kwa shiri."

Na ce, "Wa ya ce maka ba ma shiri?"

"Duk gari."

"To duk gari su yi ta kansu. Kira min ita."

Ya ɗaga girar nan tasa. "Ɗaliba ce fa. Ni na shekara talatin da..."

"Na sani. Kai da na faɗi ƙasa ai ka taho wurina, ita kuwa ba ta bar kan gado ba."

Ya ce shi da izini ya taho, akwai mai riƙe da kan gado. Na ce na san da haka, ita nake so. Ya fita yana gunaguni, wai wannan ne sakayyar mai taimako a Halvor.

Renae ta gama karatunta a bazarar da ta biyo, Curt ya sa taye, Ardis ta yi wa mutanen birni lefse, Orlin ya sayi ƙugiyoyin kamun kifi. Ɗakin haihuwarmu yana nan a buɗe. Amma a wannan safiyar ba wanda ya san haka tukuna, ɗaliba ce kawai da jajayen idanu ta shigo ta tsaya a kaina. Aka tura ni ɗakin da na fi sani a duniya, na gan shi a karon farko daga ƙasa, fitilu a sama, fuskarta a juye.

Ta ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Yi aikinki, kar ki cika ni da surutu."

Ta ɗora mini abin shaƙar iska, tafin hannunta ya tallabe haɓata, da ɗumi. Zuciyata da ke ta dukan uku-uku a na'ura, kowa na ji, ta fara sauka da kanta. Na ture abin kaɗan na ce, "Renae, in wani ya faɗi fa?"

Ta mayar da shi kan fuskata ta ce, "Sai ya tashi da kansa. Ja numfashi."

Na ja.